Ambilans mun gani, mun yi guɗa. Wanda ke cikinta fa, wa ya gwada shi?

 Maganar yau ba ta da daɗi, kuma mun san akwai waɗanda za su ji kamar da su muke. Su yi haƙuri. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Cikin damanar da ta wuce, matar ƙanenmu ta haihu a wani ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, bayan sallar isha'i. Yaro ya zo lafiya, mabiyiya ta faɗi, sai jini ya ƙi tsayawa. Ma'aikaciyar wurin ta yi iyakar ƙoƙarinta: ta yi allura, ta ɗaura ƙarin ruwa, ta buga waya a turo ambilans. Ita kaɗai ce a wurin, ga wata mai naƙuda kwance, ba ta da halin bin mota. Motar ta iso, direba shi kaɗai. Aka kwantar da mai jego a baya, uwar miji na riƙe da ledar ruwa, ƙanwarta na rungume da jinjiri. Ana tsakiyar hanya, cikin rairayi da girgizar mota, allurar ta fice daga jijiya. Suka bubbuga wa direba. Ya tsaya, ya haska fitilar waya, ya duba, ya ce: "Inna, ni tuƙi anka ɗauke ni. Wanga aiki ban san shi ba. Ku yi ta addu'a, ni kuma in taka mota."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya taka motar. Allah ya sa da sauran kwana. Ta isa asibiti a sume, aka yi mata ƙarin jini, ta yi kwanaki a kwance. Ungozomar da ta karɓe ta ta ce mana da an samu wanda ya san ya riƙa murza mata mara a hanya don mahaifa ta tsuke, ya lulluɓe ta kada jiki ya yi sanyi, da ba ta iso a wannan hali ba. Aikin hannu ne kawai, ba ya buƙatar wata na'ura. Babu wanda ya sani cikin motar.

Ba za mu kama sunan wurin ba, ba za mu kama sunan direban ba, don ba shi da laifi. Abin da aka tambaye shi ranar da aka ba shi makulli shi ne farmi. Ya nuna, aka ce bismilla. Laifin yana kan tsarin da ya ɗauka cewa da zarar an rubuta "ambilans" a jikin mota, an sa mata jiniya, to shi ke nan an ceci rai.

Ku tuna yadda muke karɓar ambilans a nan. A kafa rumfa, a jera kujeru, makaɗa su zo, babban baƙo ya miƙa makulli, a ɗauki hoto a watsa a Facebook da WhatsApp. Mu ma muna cikin masu tafi. Amma wa ya taɓa miƙewa a wurin ya ce: ranka ya daɗe, wa zai zauna baya tare da majinyaci, kuma wace hukuma ta gwada shi? Sau da yawa amsar mun san ta. Direban ɗan wane ne, ko yaron wane ne, an sama masa abin yi. Ba mu ƙi kowa ya samu abin yi ba. Amma motar da za ta ɗauki mace mai zubar jini daban take da motar ɗaukar gero zuwa kasuwa.

Daga Mayahi zuwa Maraɗi ta Cadawa kusan kilomita 90 ne. Daga Tasawa ya haura 100. Wannan lissafin daga cikin gari ne. Wanda ya taso daga ƙauyukan Gidan Amumun, Cake, Isawan, Mai Rairai ko Urafan, sai ya fara yin nasa yaƙin da rairayi kafin ya ga kwalta, in damana ce kuma ga ruwa kwance a hanya. Likitoci sun daɗe da faɗa cewa zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa 2 in ba a tsayar da shi ba. To ku lissafa da kanku: awa nawa majinyacinmu ke yi cikin mota? Waɗannan awoyin su ne suka fi kowane lokaci haɗari, kuma a cikinsu ne muke barinsa hannun wanda bai san komi ba sai tuƙi. Akwai SAMU mai lamba 15, akwai ƴan kwana-kwana masu lamba 18, Allah ya saka musu. Amma mutumin ƙauyen Kanambakashe ya san ba su ne za su fara isowa gare shi ba.

Abin da muke nema shi ne ƙasa ta kafa takardar shaida guda ga duk mai aikin ɗaukar majinyaci na gaggawa, kuma takardar ta kasance mai wa'adi. In wa'adin ya cika, a sake gwada mutum kafin a sabunta masa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Motar kanta ana kai ta bizit, ana sabunta mata asiransi, in sun mutu jandarma ya tsayar da kai. Kwalin magani na da ranar lalacewa, ko yaro ya san ya duba. Ma'aikatar kiwon lafiya ma ta riga ta kafa jarrabawa guda ta ƙasa ga masu fitowa daga makarantun kiwon lafiya, na gwamnati irin ENSP ta Yamai da ta Damagaram da masu zaman kansu, don kada kowace makaranta ta riƙa buga difilom yadda ta ga dama. An yi daidai. Amma difilom ƙofar shiga ce. Wanda ya ci jarrabawa yana ɗan shekara 22, takardarsa na nan daram har ya yi ritaya, ko da ya shekara 15 bai taɓa farfaɗo da jinjirin da aka haifa ba ya numfashi ba. Takarda ba ta tsufa, mai ita ne ke tsufa.

Ilimin gaggawa na lalacewa ta hanya biyu. Ta farko, hannu na mantuwa. Malaman da ke koyar da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya sun sha gwadawa, sun ga cewa cikin watanni kaɗan, tun kafin shekara ta zagayo, yawancin waɗanda aka horar sun fara kuskure in ba sa maimaitawa. Wannan ba wauta ba ce, haka ɗan Adam yake. Ko mahaddaci, in ya bar tilawa, sai ya ji karatu na zame masa.

Ta biyu, ilimin kansa na canjawa. Wanda aka horar kafin 2005 an koya masa danna ƙirjin babba sau 15 sannan ya hura numfashi sau 2. Daga 2005 aka mayar da shi sau 30 da 2. A 2010 aka ce a fara da danna ƙirji tun kafin a tsaya hura numfashi. Yau ana son dannawar ta kai 100 zuwa 120 a minti. A da kinin ne maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allurar artesunat ce ta fi ceton yara. A 2017 hukumar ta shigar da maganin tranexamic cikin abin da za a ba mai zubar jini bayan haihuwa, da sharaɗin a ba ta shi cikin awa 3 da haihuwa, bayan haka ba ya da amfani. Ku lura da awa ukun nan: ga mace ƴar ƙauye, yawancinsu a kan hanya suke ƙarewa. Haka saran maciji. Mun tashi muna ganin ana ɗaure ƙafa tamau, ana tsaga wurin, ana tsotsa. Yau an hana duk wannan, ana cewa a kwantar da mutum, a hana gaɓar motsi, a yi sauri da shi inda magani yake. Wanda ya tsaya kan karatun shekara 20 da suka wuce zai cuci majinyaci da zuciya ɗaya, yana ganin taimako yake yi.

Wasu ƙasashe sun ga wannan tuntuni. A Amurka, a 1966 wani rahoton masana ya tona cewa mutane na mutuwa a hanya saboda masu ɗaukarsu ba su da horo, a garuruwa da yawa ma masu sana'ar binne gawa ne ke riƙe da ambilans. A 1970 suka kafa rajistar ƙasa ta masu aikin gaggawa. Har yau takardar shekara 2 take yi. Mai matakin farko sai ya kawo shaidar awa 16 na ƙarin karatu, na gaba da shi awa 40, babbansu awa 60, ko kuma ya sake zama jarrabawa. A Faransa, tun 2006 akwai takardar aikin gaggawa ga ma'aikatan asibiti, wa'adinta shekara 4, kuma aikin ambilans na da difilom ɗinsa na ƙasa.

Mun ji wani ya ce: "Haba, ina mu ina Amurka?" To mu dawo kusa. A Gana, ranar 9 ga Mayu 2001, mutum sama da 120 suka mutu a turmutsitsin filin ƙwallon Akara. Bayan wannan masifa ƙasar ta kafa hukumar ambilans ta ƙasa a 2004, da makarantar horar da ma'aikatanta a Nkenkaasu. A Janairu 2020 sun raba ambilans 307, kowace mazaɓa ta samu, kuma akwai horarrun da za su shiga ciki. Tun kafin haka ma, likitoci a Kumasi sun tara direbobin haya sama da 300 suka ba su horo na awa 6 kacal, kan tsayar da jini, buɗe hanyar numfashi da ɗaure karaya. Da aka bi su daga baya, an tarar da yawansu sun yi aiki da abin da suka koya a haɗurran da suka tarar kan hanya. Awa 6, jama'a. Bai kai zaman biki ɗaya ba.

Mu ma mun ga tamu masifar. A Nuwamba 2021, cikin kwana biyu a jere, ramin zinariya ya rufta da mutane a yankin Ɗan Isa, washegari gobara ta cinye ajujuwan zana a wata makaranta a Maraɗi, yara sama da 20 suka rasu. Mun yi kuka, mun yi zaman makoki. A irin waɗannan ranaku, waɗanda ke fara isa wurin su ne maƙwabta, ƴan kabu-kabu da direbobi. Me muka koya musu tun daga ranar?

Yanzu bari mu ɗauki hujjojin masu ƙin wannan magana ɗaya bayan ɗaya, don mun sha jin su.

Suna cewa babu kuɗi. Kuɗin ambilans ɗaya sabuwa zai horar da direbobin gunduma gaba ɗaya, har a yi canji. Kuma kuɗin horo ai ana kashe su, sai dai ta hanyar da ba ta haihuwa. Wa bai san irin taron nan na otal a Maraɗi ba? Kwana 3, shayi da nama, kuɗin zama, hoto, a raba takardar halarta, kowa ya kama gabansa. Mutum guda ya halarci biyar a shekara saboda shi ne na kusa da ofis, direba da mai shara da ma'aikaciyar ƙauye ba su taɓa zuwa ko ɗaya ba. Takardar halarta shaida ce cewa ka zauna kan kujera. Ba ta ce ka iya komi ba. A gundumomi da dama kuma talaka na ƙara dala ashirin kan kuɗin ganin likita, wai don asusun kai majinyaci babban asibiti. Tun da muna biyan gazuwal, muna da bakin tambayar wa zai zauna kusa da majinyacin.

Suna cewa ma'aikata sun yi kaɗan, in aka ce sai mai takarda, motoci za su tsaya. Wannan magana na da ƙamshin gaskiya, don mun san akwai CSI da majo ɗaya ke riƙe da ita dare da rana. Amma wannan ai hujjarmu ce. Tun da majo ba zai iya barin likita ya bi mota ba, dole wanda ke cikin motar ya san abin yi. Ba mu ce a tsayar da mota gobe da safe ba. A ba da wa'adi, a horar da waɗanda ke kan aiki yanzu, sannan a rufe ƙofa ga sabon ɗauka marar takarda.

Suna cewa tsohon direba da ya shekara 20 yana wannan aiki ya fi ƙarfin jarrabawa. Muna girmama su, wallahi. Akwai waɗanda suka san kowane kwazazzabo na Gulbin Kaba, suka karɓi haihuwa a bakin hanya da fitilar hannu. Irin waɗannan jarrabawa ba za ta ba su tsoro ba, in dai ta hannu ce kuma da Hausa. Takardar ma ita ce za ta fitar da su daga sahun "direba kawai", ta ba su matsayi da ƙarin albashi. Wanda zai ji tsoro shi ne wanda ya shekara 20 yana maimaita kuskure ɗaya.

Suna cewa za ta zama wata sabuwar hanyar cin hanci, a riƙa sayar da kati kamar yadda ake raɗe-raɗin sayar da wasu takardu. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma shi ya sa muke cewa a yi gwajin a bainar jama'a, masu gwadawa su zo daga wata gunduma, sunayen waɗanda suka ci a liƙa su a ƙofar asibiti. Ba a daina ba da farmi ba don wasu na sayensa.

Sai hujjar da ta fi kowace nauyi a bakin mutanenmu: "Kwana ne ya ƙare." Ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma manomin da ya san Allah ke ba da ruwa bai fasa shuka ba, bai fasa noma ba. In mace ta rasu cikin mota saboda babu wanda ya san ya juya ta gefen hagu lokacin da jijjiga ta kama ta, mu yi haƙuri da hukuncin Allah, sannan mu tambayi mutane abin da suka yi da amanar da aka ba su. Haƙurin iyalan mamaci bai kamata ya zama mafakar sakaci ba.

Ga abin da muke kira a yi, a fili.

Na ɗaya, ma'aikatar kiwon lafiya ta kafa shaida guda ta ƙasa mai matakai: ɗan agajin farko, direban ambilans da mataimakinsa, sai ma'aikacin jinya mai rakiyar majinyaci. Abin da za a tambayi na Mayahi shi za a tambayi na Yamai da na Difa.

Na biyu, kati ya ɗauki hoto, lamba da ranar mutuwarsa. Shekara 2 ko 3, masana su yanke, amma ya zama yana mutuwa.

Na uku, gwajin ya zama na hannu, a kan mutum-mutumin roba: tsayar da jini, murza mara, farfaɗo da jinjiri cikin mintin farko, kwantar da wanda ya suma ta gefe, ɗaukar wanda ake zargin ya karye a wuya ko gadon baya ba tare da an naɗe shi kamar tabarma ba. Wanda bai iya faransanci ba a gwada shi da Hausa.

Na huɗu, a yi horon da sabuntawar a nan, a asibitocin gunduma na Mayahi da Tasawa, kuma kada a cire ko dala daga aljihun ma'aikaci. Wanda ya faɗi a sake horar da shi a sake gwada shi. Kora ba ita ce manufa ba.

Na biyar, duk mai son ba da kyautar ambilans, ɗan siyasa ne, ɗan kasuwa ne ko ƙungiya, ya haɗa da kuɗin horar da mutum biyu. Kada hukuma ta karɓi makulli sai an ga sunayensu.

Na shida, a buɗe matakin farko ga ƴan kabu-kabu, masu amalanke da direbobin tasha, don su ne ambilans ɗinmu ta gaskiya a yawancin ƙauyuka. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar, wadda ke aiki tun 1963, ta san wannan aiki na horar da ƴan agaji. A haɗa hannu da ita da shugabannin tasha.

Tun 2005 ƙasar nan ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce, a 2006 ta ƙara da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. An gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka, an gina manyan asibitoci a Maraɗi. Duk wannan na amfanar wanda ya isa da rai ne. Tsakanin ƙauye da asibiti akwai rami, kuma ƴan uwanmu na faɗawa cikinsa ba tare da an rubuta sunansu a ko'ina ba.

Mu ma akwai namu aikin. Ƴan kwamitin COGES, ku sa wannan magana cikin zamanku na gaba. Masu gari da hakimai, Allah ya ja zamaninku, in an zo miƙa makulli ku yi tambayar kafin a ɗauki hoto. Direbobin ambilans, ku ne ya kamata ku fara neman wannan kati, don ku ne ake bari da gawa a hanya, ku ne iyalai ke kallo da ido jajur. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya taɓa raka majinyaci cikin ambilans, ya faɗa mana a ƙasa: wa ya zauna baya da ku, kuma me ya yi? Kada ku kama sunan kowa, ku faɗi abin da ya faru kawai. Za mu tattara, mu kai wa mahukuntan kiwon lafiya na gundumomin biyu, mu dawo muku da amsar da suka bayar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka cika a hanya.